Darasi na Bakwai: Na'ana'a da Danginta, da Yadda Suke Gauraya

Na'ana'a da ɗoɗɗoya 'yan gida ɗaya ne. Masana tsirrai suna kiran wannan gida Lamiaceae, kuma sun ƙidaya nau'o'i wajen 7,000 a cikinsa. Gane ɗan wannan gida ba ya buƙatar na'ura. Idan ka murza karansa tsakanin yatsunka za ka ji yana da kusurwa huɗu, ganyayensa kuma suna fitowa biyu-biyu suna fuskantar juna, furensa ƙanana ne masu kama da leɓuna biyu. Ƙamshin yana fitowa ne daga wani mai da ke taruwa cikin ƙananan gashi a bayan ganyen, shi ya sa yake tashi sosai idan aka murtsuke shi.

A shekarar 1696 wani masanin tsirrai ɗan Ingila mai suna John Ray ya rubuta bayanin wata na'ana'a da aka tsinta a yankin Hertfordshire, wadda ɗanɗanonta ke da yaji sannan ya bar sanyi a baki. Daga baya, a 1753, Carl Linnaeus na ƙasar Suwidin, mutumin da ya daidaita tsarin bai wa kowane tsiro suna mai kalmomi biyu, ya sa mata suna Mentha piperita, yana ɗaukar ta a matsayin nau'i mai zaman kansa. Sai da aka daɗe ana bincike kafin aka tabbatar cewa ruwa-biyu ce: ta fito ne daga haɗuwar na'ana'ar bakin ruwa, wato Mentha aquatica, da na'ana'ar lambu, wato Mentha spicata. Saboda haka a yau ake rubuta sunanta da alamar × a tsakiya, Mentha × piperita, kuma duk inda ka ga wannan alama a sunan tsiro, ka san iyayensa nau'i biyu ne daban.

Ba mutum ne ya haɗa wannan auren ba. Ƙudan zuma da sauran ƙwari suna sauka a kan fure domin shan ruwansa mai zaƙi, ƙurar furen ta manne a jikinsu, su kai ta kan furen wani nau'in da ke tsirowa kusa. A yawancin tsirrai irin wannan haɗuwa ba ta haifar da komai, amma nau'o'in na'ana'a suna karɓar juna cikin sauƙi. Wannan ne ya wahalar da masana, domin a ƙarni na 19 an yi ta raɗa sababbin sunaye ɗaruruwa ga tsirran da daga baya aka gane gauraye ne kawai. Yanzu masana da dama suna ƙidaya nau'o'in asali wajen ashirin. Ita kanta na'ana'ar lambu ana ganin tsohuwar ruwa-biyu ce.

A nan ne darasin ya shafi mai lambu kai tsaye, kuma ina so a lura da shi sosai. Kamar yadda alfadari, ɗan jaki da goɗiya, ba ya haihuwa, haka na'ana'a mai yaji, wato Mentha × piperita, kusan ba ta yin iri mai tsirowa. Wanda ya sayi ƙwayar iri da sunanta ya shuka, galibi wata na'ana'ar daban zai samu, mai raunin ƙamshi. Hanyar da ta dace ita ce a yanki reshe mai lafiya, tsawon kamar santimita 10, a cire ganyayen ƙasa, a tsoma shi cikin ruwa har saiwa ta fito, sannan a dasa. Ana kuma iya raba jijiyoyin da ke yaɗuwa a ƙarƙashin ƙasa. Ya fi kyau a shuka ta cikin tukunya, domin idan aka sake ta a fili takan mamaye wurin.

Wannan hanya tana da nata haɗarin. Tun da duk dashen daga uwa ɗaya yake, cutar da ta kama guda za ta iya kama saura, kamar yadda wata cutar da ke zaune cikin ƙasa mai suna Verticillium ta lalata gonakin na'ana'a mai yaji a Amurka a ƙarni na 20. Don haka kada a ɗauki reshe daga tsiron da ganyensa ya yi rawaya ko ya yanƙwane.

Kafin darasi na gaba, kowane ɗalibi ya samo tsiro ɗaya mai ƙamshi, ya duba karansa da jeruwar ganyensa, sannan ya rubuta jimloli uku a kan ko ɗan gidan na'ana'a ne ko kuwa a'a, tare da dalilinsa.