Gyaran hanyar hawa dutse da damina, da yadda ake fasa tafiya ba rigima

Masu hawa duwatsun Shere a Jos sun sani, ruwa ne ke cinye hanya. In ka bar shi ya bi tsakiyar turba ya gangara, kafin watan Agusta ya fita ta koma kwazazzabo, mutane su fara ratsewa ta gefe suna tattake ciyawa, shikenan an buɗe wata sabuwar ɓarna.

To ga yadda muke yi. Washegarin ruwa ake zuwa duba hanya, lokacin ne za ka ga sawun inda ya bi. A ɗauko fartanya, diga, shebur da adda. Duk inda gangara ta yi tsawo sai a haƙa ɗan rami a karkace, ba a miƙe ba, ya kwashe ruwan ya zubar ta gefen ƙasa, a jera manyan duwatsu a bakinsa a binne rabinsu, don wallahi in ka ɗora su kawai a sama ruwan farko zai tafi da su. Bayan kowane babban ruwa a dawo a kwashe yashi da ganyen da suka toshe shi. Ciyawa a sare ta har gefe saboda maciji, alama kuma fenti a jikin dutse, banda ɗaura leda a bishiya don Allah.

Sai maganar fasawa, nan ne ake faɗa. Tun ranar karɓar kuɗin mota a rubuta a guruf na WhatsApp: in an kwana ana ruwa ko hasashen hukumar yanayi ta NiMet ya nuna hadari mai tsawa, an ɗaga. Mutum ɗaya ke yanke hukunci, da asuba, ba ƙuri'a. Falalen dutse in ya jiƙe ga gansakuka, santsinsa kamar an zuba miyar kuɓewa, na taɓa saukowa da mazaunai wando a yage.

In kuna sama aka yi walƙiya, ƙirga sakan har ku ji tsawa. Sakan 3 kusan kilomita 1 ne tsakaninku da walƙiyar, in tsawa ta zo kafin 30 ku sauka, kar a fake a gindin bishiya, kar a tsallaka rafi in ya kawo. A jira minti 30 bayan tsawar ƙarshe. In an ɗaga tafiya, wanda sabuwar ranar ba ta yi masa ba a tura masa kuɗinsa a ranar.