Yadda Ake Duhunta Zoben Wayar Jan Ƙarfe da Dafaffen Ƙwai

Zoben da aka naɗa da sabuwar wayar jan ƙarfe yakan yi ƙyalli ko'ina, har ido ya kasa rabe saƙar da aka sha wahala a kanta, shi ya sa masu wannan sana'a suke duhunta shi da gangan domin kowane zagaye ya fito fili.

Da farko a samu waya tsirara wadda ba a shafa mata fenti ba, mai kaurin milimita 1, a naɗa ta sau uku a jikin sanda daidai kaurin yatsa, a lanƙwasa bakunan da filaya, sannan a goge kaifinsu. A wanke zoben da sabulu a tsane shi sarai, domin maiƙon hannu kaɗai ya isa ya bar dabbare-dabbare, kuma a ganina nan ne aikin yawancin masu koyo yake lalacewa.

Daga nan a dafa ƙwai ya dahu sosai, a marmasa shi da zafinsa cikin roba mai murfi, a ajiye zoben a cikin robar gefe guda ba tare da ya taɓa ƙwan ba, a rufe ruf. Sinadarin farar wuta da ke tashi daga ƙwan ne yake sauya launin, daga ruwan ƙasa zuwa baƙi-baƙi, cikin 'yan sa'o'i.

Idan launin ya yi, a ɗauraye, a goge tudun wayar a hankali da soson ƙarfe mai laushi, a bar duhun cikin lunguna, sannan a shafa kakin zuma kaɗan a murza da tsumma.