Yadda Ake Tara Ƙananan Fayafayan Garmaho na Farkon Kiɗan Sintesaiza

Tsakanin 1977 da 1983, wasu matasa a garuruwan Ingila irin su Sheffield da Basildon da yankin Liverpool sun jingine jita da ganga, suka rungumi sintesaiza, wato na'urar da ke ƙera sauti da wutar lantarki, suka riƙa ɗora waƙa a kan kiɗanta. Sun ɗauki darasi daga ƙungiyar Kraftwerk ta birnin Düsseldorf a Jamus, da kuma aikin da Giorgio Moroder ya yi a Munich. Wannan salo shi ne masu sayar da fayafayai ke kira synth-pop, kuma da wannan suna za ka neme shi a kasuwa. Akasarin waƙoƙin sun fara fitowa ne a kan ƙaramin faifai mai faɗin inci 7, wanda ke juyawa sau 45 a minti ɗaya, waƙa guda a gaba guda a baya, tsarin da kamfanin RCA Victor na Amurka ya fito da shi a 1949. Abin da ya kamata mai sha'awa ya riƙe tun daga farko shi ne, mai tara fayafayai bugu yake saya, wato kwafin da kamfani ya fitar a wani takamaiman karo, domin waƙar kanta tana nan a intanet ga duk mai son ji. Waƙa ɗaya takan fito a bugu daban-daban, a ƙasashe daban-daban, a shekaru daban-daban, kuma tazarar farashi tsakanin bugu biyu masu kama da juna tana iya zama mai yawa ƙwarai.

Mataki na farko shi ne ka shata wa kanka iyaka kafin ka kashe ko sisi. Wanda ya ce zai tara duk abin da aka kaɗa da sintesaiza zai wayi gari da tarkacen da ba su da kai ba su da gindi. Ana iya bin ƙungiya ɗaya, ko shekara ɗaya, ko ƙasa ɗaya, amma a ganina bin kamfani ɗaya ya fi daɗi, saboda ƙananan kamfanonin wancan zamani suna ba kowane faifai lamba bi da bi, ta yadda mutum zai san abin da ya samu da abin da ya rage masa. Kamfanin Mute misali ne mai kyau. Daniel Miller ya kafa shi a 1978 domin ya fitar da faifansa na kansa a ƙarƙashin sunan The Normal, wanda ya zama MUTE 001, kuma a jerin nan ne faifan Depeche Mode na farko, "Dreaming of Me", ya fito a 1981 da lamba MUTE 013. Daga 1982 kamfanin ya ware wa wannan ƙungiya nata jerin lambobi masu farawa da BONG. Wanda ya zaɓi kamfanin Factory na Manchester kuwa sai ya yi hattara, domin su ba fayafayai kaɗai suke ba lamba ba: FAC 1 takardar talla ce ta manna wa bango, FAC 51 kuma gidan rawa ne mai suna Haçienda, saboda haka jerinsu ba ya kammaluwa a hannun kowa.

Mataki na biyu shi ne ka tanadi garmaho mai kyau tun kafin fayafayan su fara taruwa, domin allura marar kyau tana cinye faifai a hankali, kuma ɓarnar da ta yi ba ta gyaruwa. Ka nemi wanda ake iya daidaita nauyin hannunsa, yawancin allurai na kirki suna aiki ne da nauyin da bai wuce giram biyu ko kusa da haka ba, alhali ƙananan garmaho masu araha da ake yi da siffar akwati sukan danna faifai da ninkin wannan nauyi. Akwai kuma batun wuta. Najeriya da Nijar da Ingila duk suna kan bugun wuta 50 a daƙiƙa da ƙarfin da ya kai kusan bolt 230, Amurka kuwa tana kan 60 da 120, Japan tana kan ƙarfin 100. Tsohon garmahon Amurka wanda motarsa ke bin bugun wuta zai yi tafiyar hawainiya a nan ko da an sa masa taransifoma, kuma a kiɗan sintesaiza, inda sauti ɗaya kan daɗe a miƙe, ƙaramin sauyin gudu ma kunne yana kama shi nan take. Ka haɗa da ɗan zoben da ake sawa a tsakiya, saboda fayafayan Amurka da na Jamus suna da babban rami, na Ingila kuwa galibi ƙaramin rami gare su.

Mataki na uku, wanda ya fi kowane muhimmanci, shi ne koyon karanta faifai. Abubuwa huɗu ake dubawa: bango, wato jakar waje da ake zura faifai a ciki, da tambarin tsakiya, da lambar kamfani, da kuma rubutun da aka ƙarta a filin da ke tsakanin ƙarshen waƙa da tambari. Wannan rubutu na ƙarshe, wanda sai an karkata faifan ga haske ake ganinsa, yana nuna farantin ƙarfen da aka buga faifan da shi, wani lokaci har da sa hannun wanda ya yanka shi, wato wanda ya ƙarta layukan sautin a farantin asali. George Peckham, mashahurin mai yanka fayafayai a London, yakan bar kalmomin "A Porky Prime Cut" a nasa aikin. Bango ana iya musanya shi, mai sayarwa yana iya ɗaukar faifan bugu na baya ya zura a bangon bugu na farko, da gangan ko bisa rashin sani, amma rubutun da ke jikin faifan ba ya sauyawa.

Misalai kaɗan za su nuna dalilin wannan wahala. Faifan farko na The Human League, "Being Boiled", ya fito a 1978 daga ƙaramin kamfanin Fast Product na Edinburgh, bai kuma yi wani tashe ba a lokacin. Sai bayan da ƙungiyar ta shahara aka sake fitar da shi, ya shiga goman farko a jerin waƙoƙin Birtaniya a farkon 1982, don haka kwafin da suka cika kasuwa na baya ne. Faifan "Electricity" na Orchestral Manoeuvres in the Dark ya fara fitowa a 1979 daga Factory da lamba FAC 6, cikin baƙin bango mai baƙin rubutu da ya ɗan taso sama, wanda Peter Saville ya tsara, sannan kamfanin Dindisc ya sake fitar da waƙar a cikin shekarar. "The Model" ta Kraftwerk kuma a bayan faifan "Computer Love" aka sa ta a 1981, da aka ga ita mutane suka fi so sai kamfanin EMI ya mayar da ita gaba, ta kai matsayi na ɗaya a Birtaniya a watan Fabrairun 1982. Haka nan "Blue Monday" ta New Order, mai lamba FAC 73, wadda ta fito a 1983 a kan babban faifai mai inci 12: bangon farko an huda shi ya yi kama da tsohon faifan ajiyar kwamfuta, an kuma yi wasu bugu daga baya da bangon da ba a huda ba. Duk wanda bai san waɗannan bambance-bambance ba yana iya biyan kuɗin bugu na farko ya karɓi na biyar.

Wurin da ake tantance wannan shi ne shafin Discogs, wanda aka buɗe a 2000 domin kiɗan lantarki kafin ya faɗaɗa zuwa kowane salo. Kowane bugu yana da nasa shafi, da hotunan bango da tambari, da rubutun jikin faifai, da kuma tarihin farashin da aka sayar da shi a baya. Wannan tarihi ya fi farashin da mai kaya ya rubuta amfani, domin abin da mutum ya nema daban, abin da aka biya daban.

Mataki na huɗu shi ne sanin ma'aunin lafiyar faifai. Masu sayarwa suna amfani da haruffan ma'aunin mujallar Goldmine: M ga wanda ba a taɓa sawa ba, NM ga wanda ya yi kusa da sabo, sai VG+ da VG, sannan G, har zuwa P ga wanda ya lalace. Ana auna faifai daban, bango daban. Shawarata ita ce ka tsaya a VG+ zuwa sama, domin abin da ake kira VG yakan zo da ƙara da ƙyas-ƙyas, kuma wannan salon kiɗa yana da wurare masu tsabta da shiru inda babu jita ko ganga da za su rufe hayaniyar. Ƙananan fayafayai sun sha wuya fiye da manya, tunda su ne ake jibgawa a wurin biki, ake sawa a injin kiɗa na mashaya, ake kuma barinsu ba bango. Ka tambayi mai sayarwa ko ya saurari faifan ko kuwa da ido kawai ya auna shi. Wannan tambaya tana da muhimmanci musamman ga bugun Amurka, saboda da yawa daga cikin ƙananan fayafayansu an yi su ne da wata roba mai tauri da ake kira sitairin, wadda ke iya yin ƙyalli a ido alhali allura ta riga ta cinye layukanta.

Mataki na biyar shi ne sayen kansa, kuma a nan haƙuri ya fi kuɗi aiki. Ka fara da waƙoƙin da suka yi tashe sosai, irin su "Don't You Want Me" ta The Human League ta 1981 da aka sayar da fiye da kwafi miliyan ɗaya a Birtaniya, ko "Cars" ta Gary Numan ta 1979, domin yawansu ya sa suna da araha, kuma da su za ka koyi bambanta bugu da auna lafiya ba tare da asara mai ciwo ba. Tsufa kaɗai ba ya sa faifai tsada. Ƙarancinsa da yawan masu nemansa ne ke sa shi. Fayafayan da aka buga hoto a jikinsu, kamar wanda aka yi wa "Are 'Friends' Electric?" ta Tubeway Army a 1979, suna da kyan gani kuma masu tarawa suna son su, sai dai sautinsu galibi bai kai na baƙin faifai ba. Masu inci 12 kuwa sun fi ƙarfin sauti da zurfi, saboda layukansu sun fi faɗi, kuma sau da yawa suna ɗauke da doguwar sigar waƙa da ba ta kan ƙaramin faifai.

Ga mai zaune a Kano ko Zinder ko Kumasi, kuɗin aikowa yakan fi kuɗin faifan kansa, don haka ya fi dacewa ka tara buƙatunka ka saya da yawa daga hannun mutum ɗaya, ko ka sa a kai wa wani ɗan'uwa da ke Turai ya taho maka da su a jakar hannu. Ka roƙi mai sayarwa ya fitar da faifan daga bangonsa ya ajiye shi a gefe cikin kwali mai kauri, domin idan yana ciki girgizar hanya tana sa bakinsa ya tsaga bangon. A cikin gida ma ana dacewa, tunda kamfanoni irin su EMI da Decca sun yi harkar fayafayai a Legas, amma abin da aka fi samu a tsofaffin gidaje shi ne hailaif da juju da rege da disko. Wanda kunnensa ya saba da wannan kiɗa zai so ya san cewa yankinmu ma yana da nasa magabata a fannin, kamar William Onyeabor na Enugu, da Mamman Sani na Nijar wanda ya naɗi kiɗan lantarki a kaset a 1978 kuma kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da shi a faifai a 2013, ko da yake ayyukansu sun fi samuwa a manyan fayafayai.

Mataki na shida shi ne wanki da ajiya, kuma a ƙasarmu wannan ya fi wuya fiye da a ƙasashen da aka buga fayafayan. Duk faifan da ya shigo hannunka, wanke shi kafin allura ta taɓa shi. Ana amfani da tataccen ruwa irin na batir wanda ba a haɗa shi da asid ba, da ƙyalle mai laushi, ana bin layukan a zagaye, ba tare da ruwa ya taɓa tambarin takarda ba, sannan a bar shi ya bushe a tsaye a inuwa. Ruwan rijiya ko na famfo yana barin gishiri a cikin layuka. Kafin kowane sawa kuma a share shi da burushin da aka yi don haka, musamman lokacin hunturu, sa'ad da ƙura ke ratsa ko'ina kuma bushewar iska ke sa faifai ya riƙa janyo ta. A riƙe faifai ta baki da tsakiya kawai.

Zafi ya fi ƙura haɗari. Faifan da aka bari a mota ko kusa da taga a watan Afrilu yana iya lanƙwashewa cikin ɗan lokaci, kuma da wuya ya koma daidai. A jera su a tsaye, ba a kwance ba, ba a jingine a karkace ba, a cikin akwatin katako a ɗakin da ya fi sanyi a gidan, nesa da bangon da rana ke duka, kuma a ɗaga akwatin daga ƙasa saboda damshin damina da gara, wadda ke cin bangon faifai. A sauya tsohuwar jakar takarda ta ciki da sabuwa mai santsi, a kuma guji jakar leda mai kauri ta PVC, domin a cikin zafi tana fitar da wani sinadari da ke bar wa faifai hazo da ƙara waɗanda wanki ba ya cirewa.

Daga nan sai rajista. Ka buɗe littafi, ko ka yi amfani da sashen ajiya na Discogs, ka rubuta sunan ƙungiya da lambar kamfani da ƙasar bugu da rubutun jikin faifai da ma'aunin lafiyarsa da abin da ka biya. Idan ka samu kwafin da ya fi wanda kake da shi lafiya, ka sayar da tsohon ko ka yi musaya da shi, kuɗin ya shiga cikin na lamba ta gaba a jerinka.