Sababbin zuwa, ku je ajin girkin unguwa ko da kun iya girki

Duk sabon zuwa nan ƙasar waje da na ce masa ya kwashi iyali su je ajin girkin da ake yi a cibiyar unguwa, amsar ɗaya ce: "Haba, mu za a koya wa girki?" Ba wanda ya ce uwargida ba ta iya ba fa. Kicin ɗin nan ne daban. Rajista ba wuya, sau da yawa kyauta ne, ana zuwa da yara, kuma maigida kai ma ka shiga, don ranar da madam ta makara a wurin aiki ba mai kawo muku kwano daga maƙwabta.

Inda ake kuka shi ne wajen mai gidan haya. Wannan farin abin da ke manne a silin na'urar hayaƙi ce, kana fara suya ta ɗauki ihu, sai ka ga mutum ya hau kujera ya cire batir ko ya ɗaure ta da leda, wallahi kar ku yi, ranar da aka zo duba gida ba ku da bakin magana, ga kuma ran yaranku. Ku kunna fankar saman murhu, ku buɗe taga. Man suya kuma ba a juye shi a sinki, daskarewa yake a bututu. Akwai wani ɗan'uwanmu da ya yi ta haka har ruwa ya dawo ƙasan kicin, da zai tashi aka zaftare masa kuɗin ajiya, ya zo yana cewa an cuce shi, muka duba takardar hayar tare, ga shi nan a rubuce da sa hannunsa, bai taɓa karantawa ba. Da jama'armu ba su haɗa masa wani abu ba da ya ji jiki, wannan kam mutanenmu ba a bar su a baya ba, amma sai yaushe za a riƙa tara wa mutum kuɗin ganganci?

A ajin za ku ji cewa firij kada ya wuce digiri 5, firiza -18, shinkafar da aka dafa ba ta kwana a tukunya a kan murhu. Kwanan watan jikin kaya ma iri biyu ne, ɗaya in ya wuce a zubar, ɗayan ɗanɗano kawai yake raguwa.

Sai AI, wato manhajojin nan irin su ChatGPT da kake rubuta wa tambaya su ba ka amsa kamar mutum. Ina amfani da ChatGPT duk ƙarshen mako, na rubuta masa mu nawa ne, me ya rage a firij, nawa zan kashe, wane yaro ne gyaɗa ke tayar wa da ƙaiƙayi, ya jero min abincin kwana 7 da jerin cefane. Yana rage ɓarna sosai. Amma ku faɗa masa ƙarara ba alade ba giya, in ba haka ba zai zuba muku giya a miya hankalinsa kwance. Ku tambaye shi ma'aunin zafin da yake nufi, 350 na Amurka kusan 180 ne a oven ɗin Turai. Kuma yana sakin baki, a 2024 AI ɗin Google ya taɓa ba mutane shawarar su sa gam a miyar fiza don cukwi ya kama. In ya kawo abin da bai kwanta muku ba, ku ɗauki hotonsa ku nuna wa malamar aji kafin ku ɗora tukunya.