Yadda za ka tantance binciken da ake yaɗawa kan yaran gidan masu auren jinsi

Duk sanda aka turo maka wai "bincike ya nuna" yaran da suka tashi hannun mata biyu ko maza biyu sun lalace, ko kuma wai sun fi sauran yara, dan Allah kar ka yi saurin turawa gaba. Maganar halal da haram daban take, wannan wajen malamai za ka je. Amma in ka ce bincike ne ya faɗa to dole ka faɗi ainihin abin da ya faɗa ɗin, don 'ya'yan mutane ake magana a kai, kuma ba su suka zaɓi gidan da suka tashi ba.

Fara da tambayar wa aka gwada da wa, nan ne ake yawan cin mutane da baki. A 2012 Mark Regnerus na jami'ar Texas ya tambayi mutum kusan 3,000 masu shekara 18 zuwa 39 ko uwarsu ko ubansu ya taɓa soyayya da jinsinsa, waɗanda suka ce e sai aka ga sun fi fama da damuwa da rashin aiki, labari ya zaga duniya. To amma yawancinsu auren iyayensu ne ya mutu, mutum 2 kacal ne suka yi duk yarintarsu a gidan mata biyu, sannan aka ɗauko su aka gwada da waɗanda iyayensu ba su taɓa rabuwa ba. Ka ga ai raɗaɗin mutuwar aure aka auna, wanda dama kowa ya san yana taɓa yaro. Da wasu masu bincike biyu, Cheng da Powell, suka sake bin alƙaluman a 2015 suka gyara yadda aka kasa mutanen, yawancin bambancin ɓacewa ya yi.

Sai ka duba ta ina aka samo mutanen, wannan kuma ɗaya ɓangaren yake kamawa, wato masu cewa yaran lafiya lau suke. Binciken Nanette Gartrell da aka fara a Amurka a 1986 ya bi iyali 84 na mata masu son mata shekara da shekaru ya ce yaran lafiya lau, sai dai iyayen su suka kawo kansu, yawancinsu masu ilimi ne, kuma su suka riƙa cike takardar halayen yaran. Wace uwa ce za ta kushe ɗanta, balle ta san ana sa mata ido? Ba wai ƙarya aka yi ba, amma iyali 84 ba za su tsaya a madadin kowa ba.

Ni dai na fi yarda da wanda aka yi da rajistar gwamnati, inda ba mai kawo kansa ba mai ɓuya. Holan ce ta fara halasta wannan aure a 2001, kuma a 2020 wani mai bincike, Mazrekaj, da abokan aikinsa suka duba yara 2,971 na irin waɗannan gidaje da wasu sama da miliyan 1, suka ga waɗanda suka tashi a ciki tun haihuwa sun ɗan fi ƙoƙari a makaranta. Ko nan ma ka tambaya an cire tasirin kuɗi? Saboda irin waɗannan iyaye galibi sun fi shekaru sun fi samu, kuma sai sun shirya tsaf kafin su samu ɗa. Ka kuma lura kusan duka gidajen mata biyu ne, na maza biyu kaɗan ne.

Kar ka manta da abin da aka auna da ƙasar da aka yi, makin jarrabawa a Holan makin jarrabawa ne kawai. A Ostareliya binciken 2014 kan yara 500 ya nuna inda ake tsangwamar iyalin nan ne lafiyar yaran ke raguwa, don haka in ka ga an ce yara na cikin damuwa, nemi inda aka tambaye su ko ana zolayarsu a makaranta.