Ciwon ƙugu mai daɗewa da ƙiba: kurakuran da aka fi yi da yadda za a gyara su

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu, kuma idan ciwon ya haura wata uku likitoci na ɗaukarsa a matsayin wanda ya daɗe. Da yawa daga cikin masu wannan lalura suna kuma ɗauke da ƙiba, ko hawan jini, ko ciwon suga, amma sai ka ga ana jinyar bayan shi kaɗai, kamar ba a jiki ɗaya yake da sauran ba.

Kuskuren da ya fi kowanne yawa shi ne kwanciya. Mutum ya ji ƙugunsa ya riƙe, sai tsoro ya kama shi, ya daina tafiya, ya daina sunkuyawa, yana jiran ranar da ciwon zai tafi da kansa. A wannan zaman tsokokin da ke tallafe da gadon baya suke raunana, nauyi ya ƙaru, suga ya hau saboda tsokar da ba ta aiki ba ta jan suga daga jini yadda ya kamata, sannan ciwon ya dawo da ƙarfinsa, mutum ya sake kwantawa. Gyaran shi ne a ci gaba da motsi gwargwadon iko, a fara ko da tafiyar minti goma ce a rana, a riƙa ƙarawa a hankali har a kai minti 150 a mako. Ɗan zafin da ake ji a farkon motsa jiki ba ya nufin wani abu ya lalace a ciki.

Akwai kuma masu ganin cewa illar ƙiba ga baya nauyi ce kawai. Gaskiya ne tumbi yana janyo jiki gaba, ya ƙara wa ƙugu aiki, amma kitsen da ke taruwa a cikin ciki yana fitar da sinadaran da ke haddasa kumburi a ko'ina cikin jiki. Faifan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan baya kusan ba shi da jijiyoyin jini na kansa, daga ƙashin da ke maƙwabtaka da shi yake tsotsar abincinsa, don haka duk abin da ke lalata ƙananan hanyoyin jini, kamar suga, da kitsen jini, da taba, yana iya rage masa wannan abinci. Shi ya sa nake ganin sikeli kaɗai bai wadatar ba. A auna zagayen ciki da igiyar awo: idan ya wuce rabin tsawon mutum, lokaci ya yi da za a gwada suga da hawan jini, ko da nauyin bai kai na a kira shi ƙiba ba.

Batun magani ya fi komai tayar mini da hankali. Ibuprofen da diclofenac suna rage zafi, amma shan su kullum wata da watanni yana iya jawo gyambon ciki, ya ɗaga hawan jini, ya taɓa ƙoda, alhali mai suga da mai hawan jini dama ƙodarsu tana cikin haɗari. Prednisolone da ire-irensa, magungunan rage kumburi, kuwa suga suke ɗagawa, su ƙara ƙiba. A jagoran da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a Disamban 2023 ta ba da shawarar a guji magungunan dangin tramadol, da ɗaura bel ɗin ƙugu, da jan baya da na'ura, ta fifita motsa jiki da wayar da kan majinyaci. Wanda zai sha maganin zafi ya sha na ɗan lokaci, da sanin likitan da ya san sauran cututtukansa.

Wasu kuma sukan ɗora dukkan fatansu a kan hoton baya na asibiti, suna ganin shi zai nuna musabbabin ciwon. Kusan kashi 90 cikin 100 na ciwon ƙugu ba a iya danganta shi da takamaiman cuta guda, kuma hoton MRI, wato na'urar da ke ɗaukar hoton cikin jiki, kan nuna faifan da ya ɗan turo har a bayan mutanen da ba su jin ciwon komai.

Rage nauyi ma ana kuskure a cikinsa, domin wanda ya horar da kansa da yunwa tsokarsa ke tafiya tare da kitsen. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyi a hankali, tare da atisayen ƙarfafa tsoka da isasshen barci, yana gyara suga da hawan jini, ko da yake ba kowa ne ciwonsa ke ɓacewa da hakan ba.

Kuskure mafi haɗari shi ne a jingina kowane ciwon baya ga ƙiba. Idan ciwon ya zo da zazzaɓi, ko rama ba dalili, ko raunin ƙafa, ko rashin jin taɓi a tsakanin cinyoyi, ko kasa riƙe fitsari da bayan gida, a garzaya asibiti a ranar.