Jar fitilar baƙin mai ba a yi mata "bari in ƙarasa gida"

'Yan uwa masu mota, fitilun dashbod launinsu ne ke faɗa maka girman matsala. Kore ko shuɗi sanarwa ce kawai, ruwan ɗorawa ka ga makaniki nan kusa, ja kuwa tsayawa ake yi.

Wadda ta fi cin mutane ita ce ja mai siffar buta tana ɗiga. Tana nufin baƙin mai ba ya zagaya inji da ƙarfin da ya kamata, kuma mintuna kaɗan sun isa inji ya buga. Ka sauka gefen titi, ka kashe mota, ka jira kamar minti 5. Zaro sandar awon mai, goge ta da tsumma, mayar, sake zarowa. In mai ya yi ƙasa da alama, ƙara. In yana cike amma fitilar ta ƙi mutuwa, kada ka tuƙa motar. Wataƙila famfon baƙin mai ne ko sansa, wato na'urar da ke kunna fitilar, a kira makaniki ya zo nan inda take.

Mai sayen 'yar Kwatano kuma, murɗa makulli ba tare da ka tayar ba. Fitilun gargaɗi, irin su ta baƙin mai, su kama. Wadda ta ƙi, ka tambayi dillali dalili, don wasu cire ƙwan suke yi.